Turbar da Ba Ta da Sawu

Rana ta yi ja, ta sauko har ta taɓa rufin maƙwabta, lokacin da Heluma ya turo babur ɗinsa cikin gida. Ya jingine shi inda ya saba, ya zauna a kan benci, ya cire takalman aiki ya buga su da juna. Jar ƙasa ta zube a gabansa. Matarsa tana bakin murhu tana fama da ɗanyen itace. 'Yarsu tana ɗaki a kan keken ɗinki, ƙarar keken tana tashi tana sauka kamar kullum.

Ya ɗauki buta ke nan sai wani abu ya faɗo a kan kwanon rufi, ya gangaro, ya tsaya kusa da ƙafarsa. Matar ta ce yaran maƙwabta ne, ta ɗaga murya ta aika musu da kalmar da ta dace da su. Wani ya sake faɗowa. Sannan wani. Heluma ya sunkuya ya ɗauki ɗaya. Ba dutsen unguwa ba ne. Tsakuwar titi ce, baƙa, da kwalta a jikinta, kuma da ɗumi, kamar yanzu taya ta bi ta kanta. Babban titi kuwa yana da nisa da gidan, mai tafiya a ƙasa sai ya yi gumi kafin ya kai.

Ya juya tsakuwar a tafin hannu, ya jefa ta a aljihu. Dama shi ba mai magana ba ne. A lokacin ne ya lura keken ɗinki ya yi shiru.

Heluma ake ce masa saboda shi ne shugaban leburorin da ke gyaran gefen babban titi. Ba ruwansa da kwalta. Abin da ke gefe shi ne nasa: turbar masu ƙafa, magudanar ruwa, ciyawar da ake dasawa a gangare don ta riƙe ƙasa, itatuwan inuwa, da shingen da ke raba mutum da mota. A cikin kwanar titi ba ya yarda a dasa abin da ya wuce gwiwa, don kada ya tare wa direba gani. Yana kuma da wata doka da yake koya wa duk sabon lebura. Kafin ka kafa turke ka ja igiya, ka tsaya ka duba inda ciyawa ta kwanta. Ƙafa ba ta ƙarya. Inda aka riga aka bi, nan za a bi, ko ka shimfiɗa darduma a wani wuri.

Amma akwai wata kwanar titi da Heluma yake gaba da ita kamar mutum ce. Tana ƙasan wata doguwar gangara, inda manyan motoci ke saukowa da nauyinsu, birki ba ya jin magana. Hagu daji, dama kwari mai rafi. A nan mota ta kwashe ƙaninsa shekarun baya, yana tsallakawa da damin itace a ka. Heluma ne ya tattara shi da hannunsa. Bai yi kuka a gaban mutane ba, bai kuma manta ba. Da aikin gyara ya iso wurin, ya rantse ba zai bar kafar da ko akuya za ta ratsa ba. Ya sa aka kafa shingen ƙarfe gefe da gefe, daga saman gangara har gada, ya dasa ƙaya a bayansa. Masu ƙafa ya yi musu turba mai tsakuwa ta bayan ƙayar, ta kai su gada, inda titi ya miƙe, mai tsallakawa yana hango mota tun daga nesa. Aiki ne mai kyau. Babu mai cewa ba haka ba.

Ran da suke jan igiya, ya ga wata siririyar turba a tsakiyar kwanar. Ta fito daga daji, ta tsaya a bakin kwalta, ta ci gaba a ɗaya gefen, ta gangara rafi. Ciyawa ta kwanta, ƙasa ta yi sumul, amma babu sawu a kanta, ba na mutum ba, ba na dabba ba, alhali an yi yayyafi da safe. Ya tsuguna ya daɗe yana kallo. Ya san dokarsa. Ya kuma san babu ƙauye a cikin wannan daji. Ya tashi ya kakkaɓe gwiwa, ya ce a kafa ƙarfen a daidai bakinta, a cika ramin da siminti.

Ba a daɗe da gama shingen ba, wan matarsa ya zo gidan. Direban tifa ne, shi ke kawo musu tsakuwa a wurin aiki, mutum mai ƙiba da yawan dariya. Shi yana kiran Heluma mai gadin ciyawa, Heluma yana kiransa makaho mai lasisi. Ranar direban bai yi dariya ba. Ya ce yana saukowa gangara da almuru, a daidai kwanar, ya ji ya bugi wani abu, har sitiyari ya girgiza a hannunsa. Ya tsaya, ya sauko, ya duba gaba, ya leƙa ƙarƙashi, ya bi gefen titi da tocila. Babu jini, babu gashi, babu komai. Sai dai ƙarfen gaban motar ya lotsa kaɗan, a ƙasa-ƙasa, daidai tsawon ƙaramin yaro. Heluma ya ce masa ya rage cin abinci mai nauyi kafin ya hau mota. Aka bar maganar a nan.

Kwana kaɗan bayan haka aka fara jifa.

Da keken ya yi shiru, Heluma ya tashi ya leƙa ɗakin. Yarinyar ita kaɗai Allah ya bar musu cikin waɗanda suka haifa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, don haka Uwata yake ce mata. Ta zama budurwa, ta iya ɗinki, matan unguwa suna kawo mata aiki. Ya same ta zaune, hannunta a kan yadi, kanta a karkace kamar mai sauraron abu daga nesa.

Ya ce, "Uwata."

Ba ta juyo ba. Ta ce, "Baba, ba ka ji ba? Wata ce take kiran ɗanta."

Ya kasa kunne. Babu abin da ya ji sai tsakuwa a kan kwano. Da duhu ya gama rufewa, jifan ya tsaya, yarinyar ta yi hamma, ta tambayi uwarta ko abinci ya nuna.

Haka ya zama kullum. Da rana gida lafiya lau. Da ta yi ja, sai tsakuwa. Maƙwabta suka hau katanga suka yi gadi, ba su ga hannun kowa ba. Daga baya abin ya bar rufi ya shigo ciki. Wani haske yakan ratsa bangon ɗaki daga wannan kusurwa zuwa waccan, irin na fitilar mota in ta sha kwana, alhali lungun gidan ko amalanke da ƙyar take shiga. Sai ƙarar birki, doguwa, a tsakiyar ɗaki, da warin taya mai ƙuna da ke kama labule har safe. Uwar ta daina hura wuta da yamma. Takan zauna a bakin ƙofa da carbi, idonta a kan 'yarta.

Wata maƙwabciya ta dawo da rigar da aka ɗinka mata, tana dariyar da ba ta kai ciki ba, ta ce ko ta ina ake so ta shiga. Aka buɗe rigar. An ɗinke wuya, an ɗinke hannuwa, an ɗinke ƙasa. Ɗinki mai kyau, layi a miƙe, babu kafa ko ɗaya. Aka duba sauran kayan da ke kan keken, duk haka suke. Yarinyar ta fashe da kuka, ta ce wallahi ba ta san lokacin da ta yi ba.

Matar Heluma ta ce masa a nemi malami. Ya ce zai duba. Ta ce tun da aka yi aurensu yake dubawa. Ya sa takalmi ya fita. A ransa ya riga ya san inda abin ya fito, amma mutumin da ya rantse ba ya son a tambaye shi abin da ya gani.

Wata yamma ya makara a wurin aiki, yana duba wata magudanar ruwa da ta toshe a saman gangara. Leburori duk sun watse. Ya hau babur zai koma gida, sai ya hango mutum a ƙasa, a cikin kwanar. Ba a kan turbar da ya yi wa masu ƙafa ba. A kan kwalta, ta cikin shinge, inda motoci ke bi. Ya buɗe baki zai yi zagi, sai ya gane mayafin, na 'yarsa ne.

Tana tafiya da ƙananan taku, irin na yaron da bai daɗe da koyon gudu ba. Hannunta yana miƙe kusa da ƙarfen amma ba ta taɓa shi. Ta yi gaba kaɗan, ta tsuguna ta leƙa ƙarƙashi, ta ja da baya kamar wuta ta lashe ta, ta sake yin gaba. Kafa take nema. Ƙafafunta babu takalmi.

A bayansa ya ji babbar mota ta kama gangara. Ya san wannan ƙara, ya san nauyin da ke bayanta. Ya yar da babur, ya ruga. Hon ya cika kwarin. Ya kai gare ta, ya sure ta kamar buhu, suka faɗa ta kan shingen suka zube cikin ƙayar da ya dasa da hannunsa. Iskar motar ta wuce ta kansu, direban ya leƙo yana zagin uwar wanda ya haife su.

Yarinyar tana kwance a kan ƙirjinsa, ƙaya ta yage mata kumatu. Ta ɗago ta dube shi. Idanun nata ne, kallon ba nata ba ne. Murya ta fito daga bakinta, ta babbar mace, a shaƙe, kamar wadda ta yi kuka har ya ƙare.

"Yau ka kai. Gobe fa?"

Washegari direban tifa ya je ya ɗauko malami a gaban motarsa. Tsoho ne ƙarami, da tabarau da aka ɗaure ƙafarsa da zare. Ya yi shekaru yana karantar da manyan littattafai kafin tari ya hana shi dogon zama. Da ya sauko daga tifar ya ce wa direban in dai haka yake tuƙi, to aljanu ma suna da haƙƙi a kansa. Direban ya yi yaƙe.

Malamin bai zo da bulala ba, bai zo da hayaƙi ba. Ya ce shi ba ya dukan mai gida saboda laifin baƙo. Ya sa aka fitar da maƙwabta, aka bar uwa da uba da kawun yarinyar, wato direban. Ya sa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida aka zaunar da yarinyar, ya zauna nesa da ita kaɗan. Ya karɓi tsakuwar da ke aljihun Heluma ya shinshina, ya tambaye shi aikinsa. Heluma ya faɗa a taƙaice. Ya tambaye shi ko ya rushe wani abu, ko ya sare wani itace. Heluma ya ce a'a. Malamin ya dube shi ta saman tabarau, ya ce to a jira, mai ƙara za ta zo ta faɗa da bakinta.

Rana ta yi ja. Kaji suka shige akurki tun lokacinsu bai yi ba. Malamin ya fara karatu, murya ƙasa-ƙasa, ba ya sauri. Tsakuwa ta farko ta faɗo a kan kwano, bai ɗaga kai ba. Ta biyu ta faɗo a tsakar gida, ta fasa buta. Hasken nan ya ratsa katanga, ƙarar birki ta biyo shi, har kawun ya kai ƙafarsa ƙasa yana taka birkin da babu. Malamin ya ci gaba. Yarinyar ta fara rawar jiki, ta sunkuyar da kai, ta dafa ƙasa da hannu biyu. Da ta ɗago, bayanta ya miƙe, fuskarta ta tsufa.

Ta ce, "Ya isa, tsoho. Kana ƙona ni, ni kuwa an riga an ƙona ni."

Malamin ya rufe baki, ya yi tari, ya yi mata sallama. Ta amsa. Ya ce tun da ta san amsar sallama, ta san zalunci haramun ne, me yarinyar nan ta yi mata.

Ta ce yarinyar ba ta yi mata komai ba, kamar yadda nata ɗan bai yi wa kowa komai ba.

Sai ta faɗi ƙararta, ba ta kalli kowa ba sai Heluma. Ta ce su mutanen dajin nan ne tun kafin a san za a yi titi. Kullum da almuru takan gangara rafi da 'ya'yanta, ta turba ɗaya, wadda kakanninta suka bi. Da aka zuba kwalta ba su yi faɗa ba. Suka koyi tsayawa a baki, su saurara, su tsallaka a guje. Ran nan suka fito suka tarar da ƙarfe, su kuwa ƙarfe wuta ne a jikinsu. Suka koma bin dogon zagaye ta gada. Ƙaraminsu ba ya jin magana. Wata yamma ya saki hannunta a gada, ya shiga tsakanin shingayen biyu, ya nufi tsohuwar turbarsu, don ita ya sani. Ya isa ya tarar babu mafita, hagu ƙarfe, dama ƙarfe. Tana ta bayan shinge tana bin sa, tana kiransa, tana ganinsa, ba ta iya miƙa hannu. Sai mota ta sauko.

Kawun ya zame daga kan benci ya durƙusa. Ya ce shi ne, shi ya buge shi, in fansa take so ga shi.

Ta ce, "Tashi, mai tumbi. Kai makaho ne, motarka makauniya. Ba ka gan shi ba. Wancan ne mai ido. Ya tsuguna a kan turbata, ina tsaye a gefensa. Ya duba, ya gane, ya ce a zuba siminti. Ƙasar takalminsa na biyo har gidan nan."

Malamin ya juya ya tambayi Heluma ko haka ne. Matarsa ma ta juyo tana kallonsa. Heluma ya ce haka ne. Bai ƙara ba, bai rage ba.

Malamin ya tambaye ta me take so. Ta ce abin da ta gani take so ya gani. Ya tsaya a bayan shingensa, 'yarsa tana ciki tana neman kafa, mota tana saukowa, hannunsa ba ya kaiwa. Jiya ya yi sa'a. Ita ba ta gaggawa, yamma ba ta ƙarewa.

Uwar yarinyar ta rarrafo ta kama ƙafafun 'yarta, ta ce, "Baiwar Allah, ke uwa ce, ni uwa ce. Ita kaɗai gare ni." Muryar ta ce ta sani, shi ya sa ta zaɓe ta.

Malamin ya ce wa muryar rai ba ya biyan rai sai na wanda ya kashe, kuma ko shi sai da niyya. In ta ƙi, zai ci gaba da karatu har ɗayansu ya faɗi, shi tsoho ne, ba shi da asara. Ya ɗauko karatun daga inda ya tsaya. Yarinyar ta yi ta murɗewa a kan tabarma, tsakuwa tana zuba kamar ƙanƙara, wata ta fasa masa goshi, jini ya bi ta kan tabarau. Bai share ba. Can muryar ta ce ya tsaya. Ta ce ko ya kore ta yau, tana da 'yan'uwa, kuma har yanzu sauran 'ya'yanta suna zagaye ta gada, kullum tana kirga su da fargaba. A buɗe mata turbarta tukuna, sannan a yi maganar saura.

Malamin ya ce wannan mai sauƙi ne, a cire ƙarfe ɗaya. A nan ne Heluma ya yi magana mafi tsawo da aka taɓa ji daga bakinsa.

Ya ce, "Ba zan buɗe ba, Malam. Ƙafar mutum ruwa ce, duk inda ta ga kafa sai ta bi. In na cire ƙarfe ɗaya, kafin sati mata masu zuwa rafi sun gano, yara sun biyo su. A wurin nan na tattara ƙanina. Ba zan sayi 'yata da 'ya'yan mutane ba."

Matarsa ta kira shi da wani suna da ba ta taɓa kiransa ba. Bai dube ta ba. 

Malamin ya tambaya ko babu kwalbati a ƙarƙashin titin. Heluma ya ce akwai, zai share ta ya shimfiɗa yashi. Muryar ta yi dariya marar daɗi, ta ce su ba gafiyoyi ba ne, kuma ya fi kowa sanin rodin da ke cikin simintin. Duhu yana ta taruwa a kusurwoyin gida.

Sai Heluma ya ce zai cire ƙarfe ɗaya a kowane gefe, ya sa ƙyauren katako, da kwaɗo. Zai kasance a rufe wuni. Da almuru a buɗe, su wuce, su dawo, a rufe.

Ta ce, "Wa zai buɗe?"

Ya ce zai sa lebura.

Ta ce, "Kai. Da hannunka. Kuma ba buɗewa kaɗai ba. Ka ɗauki jar tutar nan taku, ka tsaya a tsakiyar kwalta, inda ɗana ya tsaya, ka tare mana motoci har mu wuce. Kowace yamma. Ruwa ko iska, lafiya ko ciwo, biki ko makoki. Ran da rana ta faɗi ba ka wurin, 'yarka za ta tashi ta zo ta tsaya maka, ko tana wace ƙasa."

Malamin ya ce wannan ɗauri ne na rai da rai, ta sa masa iyaka. Ta ce a dawo mata da ɗanta, sai ta sa iyaka. Malamin ya buɗe baki zai ja, Heluma ya ɗaga hannu. Ya ce ya karɓa.

Malamin ya sa ta rantse da Wanda ya halicce su duka, ta rantse. Ya ce ta fita ta inda ba za ta yi ɓarna ba. Ta ce za ta fita, amma kada mai gidan ya ɗauka an yafe masa, an dai yi ciniki. Yarinyar ta yi atishawa mai ƙarfi, ta kife a jikin uwarta. Ƙyauren gida ya buɗe da kansa, ya rufe. Warin taya ya bi bayansa.

Da ta farfaɗo ta ce ƙafafunta suna ciwo kamar ta yi doguwar tafiya, ta tambayi wa ya fasa wa tsohon nan kai.

Heluma ya yi ƙyauren da kansa, na katako mai kauri, babu ƙusa, sai turaku na itace da igiya. Kwaɗon kaɗai ne ƙarfe, shi kuma yakan cire shi ya sa a aljihu kafin ya buɗe. Ya kafa allon gargaɗi a saman gangara, ya sa aka yi tudun rage gudu, ya sare duk reshen da zai hana direba hango shi. Manyansa a wurin aiki suka tambaye shi dalilin ƙofa a inda babu gari. Ya ce ta masu duba magudanar ruwa ce. Da aikin ya matsa gaba zuwa wani yanki, aka ce ya bi, da ƙarin girma. Ya ce a ba wani. Ya zauna a kan gyaran wannan gangara har ƙarfinsa ya ƙare, bayan ya ƙare ma bai daina zuwa ba.

Direbobi suka san shi. Suna ce masa mahaukacin kwana. Wasu suna rage gudu tun daga sama, suna ɗaga masa hannu, suna tambayarsa ko tawagar sarkin iska ta gama wucewa. Wasu baƙi ne, ba su san da shi ba, sai sun zo dab suke taka birki, motar tana jan ƙafa tana ihu har ta tsaya yana jin zafin injinta a fuskarsa. Ba ya matsawa. Kawun yarinyar, in ya zo da tifarsa, yakan kashe inji gaba ɗaya, ya kifa kai a kan sitiyari har a sauke tuta.

Sau ɗaya ya kusa makara. Zazzaɓi ya kwantar da shi, barci ya ɗauke shi da la'asar. Lokacin yarinyar ta yi aure a wani gari, tana da goyo. Mijinta ya ba da labari daga baya cewa tana cikin yi wa jaririn wanka sai ta ajiye shi a cikin baho, ta miƙe, ta nufi ƙofa da ƙananan taku, maza biyu suka kasa riƙe ta. Can kuwa tsakuwa ɗaya ta faɗo a kan kwano, Heluma ya farka, ya fita ba takalmi. Ya isa kwanar rana saura ƙiris ta faɗi. A daidai lokacin da ya ɗaga tuta, 'yar ta tsaya a bakin titin garinsu, ta dubi hannuwanta da kumfar sabulu, ta tambayi ina ɗanta.

Tun daga ranar ba ya kwanciya da rana.

Wanda ya bi ta wannan kwana da almuru zai gan shi, tsoho mai farin gemu, a tsakiyar kwalta, da tutar da ta koɗe. Ƙyaure a buɗe hagu da dama. Ba a ganin kowa. Sai dai ciyawar bakin turba tana kwantawa tana tashi, ɗaya bayan ɗaya, manya a gaba, ƙanana a baya. Daga nan sai ta tsaya cik na ɗan lokaci, daidai wucewar yaro ɗaya, babu abin da ya motsa ta. Heluma ba ya sauke tuta a wannan lokaci, ko motoci sun yi layi har saman gangara suna hon. Ita ma uwar yaron da ya mutu tana jira. Sai ratar ta wuce sannan ciyawar ta kwanta sau ɗaya, da nauyi.

Sannan tsakuwa ta taso daga inda babu kowa, ta same shi a ƙwauri, wuri ɗaya kullum, inda fatar ta riga ta yi baƙi ta yi kanta. Yakan jira su dawo daga rafi, ya rufe ƙyaure, ya sa kwaɗo, ya naɗe tuta, ya ɗingisa ya tafi gida.